Guzurin Baƙo a Ƙasar Azbin da Duwatsun Hamada

Jawabin da kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara

 



Gabatarwa

A bana kwamiti ya ga dacewar ya ajiye maganar rijiyoyin burtsatse da kuɗin tallafin ɗalibai ga sauran masu jawabi, ya ɗauko wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Duk wanda ke cikin wannan zaure, in ya yi shiru ya lissafa, zai tuno da wani ɗa ko ƙane ko maƙwabci daga Ƙaura, ko Shinkafi, ko Zurmi, wanda aka wayi gari aka ce ya yi arewa. Wani yana Agadas, wani yana Arlit, wani ya kai Tamanrasat a ƙasar Aljeriya, wani kuma ba a san inda yake ba, sai dai a ce yana wajen zinariya. Tun da rashin tsaro ya hana noma a gonakin nesa, aka kuma rufe kasuwannin mako da layukan waya na wani lokaci a watan Satumba na 2021, masu wannan tafiya sai ƙaruwa suke yi.

Mu da ke zaune a birane mu ne ake bugo wa waya in abu ya lalace. Mu ake roƙo kuɗin mota tun da fari, mu kuma ake nema in za a haɗa kuɗin dawo da marar lafiya. Saboda haka wajibi ne mu san ƙasar da 'ya'yanmu ke zuwa, ko da mu ba mu taɓa taka ta ba. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Abin da za mu gabatar yanzu shi ne abin da ya kamata baƙo ya sani kafin ya ɗauki jakarsa, da abin da ya kamata ya kiyaye in ya sauka.

Tsohuwar hanya ce

Kada mu ɗauka wannan tafiya sabon abu ce. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna daga Azbin suka gangaro kudu, har suka kafa Alƙalawa a nan kusa da mu a ƙarni na 18. Ayarin Azbinawa ya shekara ɗaruruwa yana kawo gishirin Bilma da dabino zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ya koma da gero da tufafi da ƙirgi. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layin dogo ta wannan ɓangare, fataken arewa kuma suka ƙara samun dalilin biyowa ta nan. Baturen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya shiga Agadas a 1850, ya tarar ana ciniki da Hausa a kasuwarta. Har yau baƙo daga Zurmi zai sauka tashar Agadas ya yi cinikinsa da harshen da ya tashi da shi.

Akwai kuma darasi a tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. An ruwaito cewa a ƙuruciyarsa ya bi malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, har Agadas. Da malamin ya yi niyyar wucewa aikin Hajji, sai Shehu ya juyo gida, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wucewa ba. Wannan ita ce shawararmu ta farko, kuma ta fi sauran nauyi: kada yaro ya fita a ɓoye. Wanda ya fita da sanin iyaye yana da masu nemansa in an daina jin ɗuriyarsa, kuma yana tafe da albarka.

Sai dai akwai bambanci tsakanin matafiyan da da na yanzu. Mutanen da suna tafiya ƙarƙashin madugu wanda ya san kowace rijiya da kowane tauraro, suna tafiya a hankali, jikinsu na sabawa da ƙasar kwana bayan kwana. Yaronmu na yau yana barin Shinkafi ranar Alhamis, kafin wata Alhamis yana kan dutse a tsakiyar hamada, da riga ɗaya da silifa.

Yanayin ƙasar

Yawancinmu in an ce hamada, abin da ke zuwa mana a rai shi ne rairayi shimfiɗe da zafin rana. Gaskiya ne akwai wannan, musamman a Tenere, tsakanin Agadas da Bilma. Amma wuraren da mutanenmu suka fi zama ƙasashen tudu ne da duwatsu. Garuruwanmu uku duk ba su kai mita 500 daga doron teku ba. Agadas ta ɗan haura mita 500. Daga arewacinta duwatsun Azbin suka tashi, inda ƙololuwar Bagzan ta kai mita 2,022, kuma ita ce wuri mafi tsawo a Jamhuriyar Nijar. Birnin Tamanrasat yana bisa tudun da ya haura mita 1,300, dutsen Tahat da ke arewa da shi ya kai mita 2,908. Can gabas, a Tibesti ta ƙasar Chadi, Emi Kusi ya kai mita 3,415.

Me wannan tsawo ke nufi ga jikin mutum? Masana yanayi sun tabbatar cewa duk mita dubu da mutum ya hau, zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi. Iska kuma tana ƙara sauƙi, ta yadda numfashi ɗaya ba ya kawo wa jini abin da ya saba samu a ƙasa. Hasken rana mai ƙona fata da ido yana ƙara ƙarfi. Ruwa ma yana tafasa da wuri ba tare da ya yi zafin da aka saba ba, a mita dubu biyu yana tafasa ne a wajen digiri 93, shi ya sa wake da shinkafa ke daɗewa a kan wuta, itace kuwa ga tsada.

Ga batun ruwan sama. A wajenmu damina mai kyau tana ba da milimita 700 zuwa 900. Agadas a yawancin shekaru ba ta wuce 150, Bilma kuwa akan yi shekara ba a ga abin kirki ba. Inda babu laima a iska, babu abin da ke riƙe ɗumin rana bayan faɗuwarta. Don haka a yini guda mutum zai sha zafi da azahar, ya kwana yana kyarma.

Sanyi

Mun sa sanyi a gaba domin shi ne abin da baƙo bai shirya masa ba. Mu ma muna da hunturu, amma jaurar Ƙaura wasan yara ce in aka gwada ta da daren Janairu a duwatsun Azbin ko na Hoggar, inda ruwan da aka bari a kwano kan iya wayar gari da ƙanƙara a kansa. Motocin da ke ratsa hamada kuma da dare ko da asuba suka fi tafiya, fasinja na bisa kaya, iska na dukansa sa'o'i da yawa.

Duk mai niyyar tafiya tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya tanadi bargo mai kauri, da rigar sanyi, da safar hannu da ta ƙafa, da hula mai rufe kunne, da takalmi rufaffe. Riguna biyu ko uku marasa kauri da aka jera sun fi guda ɗaya mai kauri, domin ana iya rage su in rana ta ɗaga. Kada a kwanta a ƙasa tsirara ba tare da tabarma ko kwali ba, saboda ƙasa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska.

Sannan ga wani haɗari da ya kamata a faɗa da babbar murya. In sanyi ya matsa, samari kan shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki ko tanti, su toshe kowace kafa, su kwanta. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, daga nan barci ya ɗauke shi, ba ya farkawa. Hayaƙin janareta ma haka yake. A ji ɗumin wuta a waje, a fitar da kasko kafin a kwanta, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu.

Wanda aiki ya kai shi wuraren da suka haura mita 2,500 yana iya jin ciwon kai, da tashin zuciya, da rashin barci, da haki a kan ɗan ƙaramin aiki. Maganinsa shi ne a huta kwana ɗaya ko biyu kafin a kama aiki mai nauyi, a sha ruwa sosai, kada a ƙara hawa sai an ji sauƙi. In abin ya kai ga tari mai kumfa, ko tangaɗi, ko ruɗewar magana, to a sauko da shi ƙasa nan take, ko da dare ne. Masu hawan jini, da ciwon zuciya, da asma, da masu ciwon sikila musamman, su ga likita kafin su yi tunanin irin wannan wuri, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da tsawon wuri duk suna tayar da ciwon sikila.

Ruwa da rana

Azbinawa na da karin magana da ke cewa ruwa shi ne rai, kuma a ƙasarsu ba a ɗaukar wannan a matsayin azanci kawai. A busasshiyar iska gumi na bushewa tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya yi ta asarar ruwa bai sani ba. A sanyi ma haka ne, domin kowane numfashi na fita da laima, ga shi kuma ba a jin ƙishirwa. Mai aikin ƙarfi a watannin Afrilu, Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yana iya buƙatar lita shida zuwa goma a yini. Ma'aunin da kowa ke ɗauke da shi shi ne fitsarinsa: in ya yi ja, ko aka yini ba a yi ba, to jiki na kuka.

Kowane matafiyi ya riƙe jarkarsa ta kansa, kada ya dogara da ta direba. A naɗe jarkar da buhu a jiƙa shi, ruwan zai yi sanyi kamar na salka. A sa ƙullin gishiri da sukari na asibiti a cikin jaka. In babu, a haɗa na gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa a wurin da ruwa ke da tsada tana iya kashe ƙato cikin kwana biyu. Ruwan da ake sayarwa a duro a wuraren haƙar zinariya ba a san inda aka ɗebo shi ba, ba a kuma san abin da duron ya taɓa ɗauka ba, don haka a tafasa shi.

Rawanin Buzaye, wanda suke kira tagelmust, ba ado ba ne kawai. Yana kare kai daga rana, yana tace ƙura, yana riƙe laimar numfashi a bakin hanci. Baƙo ya sayi yadi huɗu ko biyar ya nemi a koya masa naɗi. Ya nemi tabarau mai duhu, ya riƙe man kaɗe don leɓe da hanci da dunduniya, domin haɓo da faso su ne gaisuwar farko da ƙasar ke yi wa baƙo. Tufafi su zama masu yalwa, masu rufe hannu da ƙafa. Mai tuɓe riga don ya sha iska yana ƙara wa kansa asarar ruwa ne.

Malamanmu na nan, za su gyara mana in mun yi kuskure: addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. Akwai taimama inda ruwa ya yi ƙaranci, akwai ƙasaru, akwai rangwamen ajiye azumi a rama daga baya. Kada wani ya yi alwala da ruwan da ransa ke rataye a kai, kada kuma ya ɗauki azumi a bayan mota a tsakiyar Tenere don gudun kada a ce ya gaza.

Kafin a tashi a yi allurar rigakafin sanƙarau da ta shawara. Ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2017 ba, wadda Zamfara ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, kuma cunkoson ɗaki da ƙura da busasshiyar iska su ne abokan wannan cuta. A kuma riƙa kakkaɓe takalmi da shimfiɗa kafin a yi amfani da su. Kunamar Azbin ta fi tamu dafi nesa ba kusa ba, tana kashe yara, don haka wanda ta harba a kai shi asibiti, kada a tsaya tsaga da ɗauri.

Hanya

Daga Zurmi akan bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, daga nan a nufi Damagaram, a bi ta Tanut zuwa Agadas. Wasu kan bi ta Sakkwato da Illela zuwa Birnin Ƙonni, su wuce Tawa da Abalak. Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, daga Agadas zuwa Arlit kimanin 240. Har nan akwai motocin haya na kamfanoni da garuruwa a hanya. Daga Arlit zuwa iyakar Aljeriya, ko daga Agadas zuwa Dirku da Jado, labari ya sha bamban: babu layin waya a mafi yawan hanya, rijiya da rijiya kuma akwai tafiyar yini ko fiye.

A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu ƙungiya-ƙungiya suna neman rijiya. A tsakiyar 2017 wasu 44, ciki har da 'yan Nijeriya, suka mutu da ƙishirwa a hanyar Dirku. Allah ya jiƙansu. Waɗannan su ne waɗanda aka gani aka ƙirga.

Darasin da ke ciki a bayyane yake. Kada a shiga motar da za ta ratsa hamada ita kaɗai, a jira ayari. A tambaya ko direba na da wayar tauraron ɗan'adam irin ta Thuraya da na'urar nuna hanya, a kuma duba da ido a ga ruwa da mai da tayoyin safaya. In mota ta lalace, a zauna wurinta. Mota ana hango ta daga nesa, tana ba da inuwa, kuma tana kan sawun da wasu za su biyo. A yi rumfa da barguna, a kwanta da rana, a rage magana da motsi. In dole sai an taka, a taka da dare, a bi sawun mota, a bar alama. In guguwar rairayi ta taso, a tsaya wuri ɗaya, a ba ta baya, a rufe fuska har ta wuce. Kada kuma a kauce wa sawun da aka saba bi a cikin duwatsun Azbin, saboda an binne nakiyoyi a wasu wurare lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, ga kuma 'yan fashi da masu satar mutane waɗanda mu ba baƙin labarinsu ba ne.

Abin mamaki shi ne a hamada ruwa ma yana ci. Busasshiyar ƙorama tana da rairayi mai laushi da inuwar itatuwa, sai baƙo ya ga babu wurin kwana kamarta. Amma daga Yuli zuwa Satumba ana iya yin ruwa a kan duwatsu, nesa da inda mutum yake, dutse kuma ba ya shan ruwa, sai ya taru ya gangaro gaba ɗaya da duwatsu da kututture. A farkon Satumba na 2009 ruwan da ya sauko ta ƙoramar Telwa ya fasa madatsa ya shiga Agadas, ya rushe gidaje masu yawan gaske. A kwana a kan tudu, kada kuma a sa mota cikin ƙorama mai gudu.

Rijiyoyin zinariya

Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, dubban matasa daga Nijar, Chadi, Sudan da Nijeriya suka kwarara can. Gwamnatin Nijar ta rufe Jado a 2017, amma haƙa ba ta tsaya a yankin ba. Mu Zamfarawa ba za a koya mana illar wannan sana'a ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje.

Wanda ya kama wannan aiki ya sani cewa ƙurar dutse na taruwa a huhu, kuma ba ta fita. Bayan shekaru sai tari da haki su kama mutum, ga shi ya zama abin farautar tarin fuka. A jiƙa dutse kafin a niƙa, a rufe hanci da abin rufewa na gaskiya. Zaiba, wato makurin da ake kama zinariya da shi, in aka ƙona ta hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, don haka kada a ƙona ta a wurin kwana ko wurin girki. Kada a shiga rami ba tare da wani a bakinsa ba, kada a kunna injin a cikin rami. Muna kuma roƙon samarinmu su nisanci taramol da sauran ƙwayoyin da ake sha don a daina jin gajiya. Gajiya gargaɗi ce, wanda ya toshe bakin mai gargaɗi shi zai kwana a ciki.

Kafin a sa hannu a aiki, a yi magana a gaban shaidu: nawa ne rabon mai rami, nawa ne na ma'aikaci, wa ke biyan ruwa da abinci. Da yawa sun shekara suna aiki, da aka zo lissafi sai aka ce su ake bi bashi.

Zama da masu ƙasa

Agadas tsohon birni ne mai sarauta da malamai. Hasumiyar babban masallacinta, wadda aka gina da ƙasa, ta kai mita 27, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. A kwaruruwan Timiya da Tabelot akwai lambuna masu albasa da dankalin Turawa da lemu da rumman, inda wasu 'ya'yanmu suka samu aikin da suka iya tun daga fadamun Gagare da Bunsuru. Wanda ya je neman halali zai samu masu karɓarsa, in ya san yadda ake shiga gidan mutane.

Buzaye mutane ne masu kunya da kamun kai. Namiji ba ya buɗe bakinsa daga rawani a gaban manya ko surukai, kada baƙo ya mai da wannan abin dariya. Matansu na da daraja da faɗa a ji, tanti ma na mace ne, don haka a kiyaye harshe da ido. In an ba ka shayi, zagaye uku ne, ka zauna ka sha, gaggawa a nan rashin ladabi ce. Rijiya tana da masu ita da tsarin layinta, a nemi izini kafin a jefa guga, kada a yi wanki a bakinta. Kada a sare ɗanyen icce, domin itaciya ɗaya a can tana iya zama inuwar zango guda. A koyi gaisuwa da godiya a harshensu, ko kalma biyar ce. Baƙo ya nisanci siyasar ƙasar da ba tasa ba, kada ya ɗauki hoton soja ko barikinsu, kada ya karɓi saƙon da bai ga abin da ke ciki ba.

A koyi lissafin kuɗinsu tun daga Maraɗi. Da dala suke ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar ce. In an ce dala ashirin, sefa 100 ke nan, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Baƙi da yawa sun yi rigima a kasuwa a kan rashin sanin wannan.

Takardu

Dokokin wannan hanya sun sha sauyawa. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamba 2023 gwamnatin soja ta soke ta. An rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024, sannan a Janairu 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Saboda haka abin da wani ya shiga da shi shekara uku da suka wuce ba hujja ba ne a yau. A nemi fasfo na ƙasa da ƙasa da katin rigakafi, a bi ta ƙofar da hukuma ta sani.

Aljeriya kuwa sai da biza. Wanda aka kama ba shi da ita, akan kwaso shi a mota a sauke shi a wani fili a bakin iyaka, ya taka kimanin kilomita 15 zuwa Asamaka. A 2024 kaɗai an kiyasta fiye da mutum dubu talatin aka koro ta wannan hanya, da yawa ba tare da kuɗi ko wayar da suka tara ba. Muna jan hankalin iyaye mata musamman: duk wadda ta zo da alkawarin kai yarinya aikatau Aljeriya ko Libiya, ta ce ita za ta biya kuɗin mota, to bashi ne za a ɗora wa yarinyar wanda ba ta da ranar gama biyansa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

'Yan'uwa, hana tafiya gaba ɗaya ba ya hannunmu, domin yunwa da tsoro ne ke kora, wanda kuwa ya rasa gonarsa ba a ce masa ya zauna ya yi haƙuri kawai. Amma akwai abin da za mu iya. Kwamiti na ba da shawarwari huɗu ga wannan taro.

Na farko, kowane reshe ya buɗe littafi na 'yan garinmu da ke arewa: sunan mutum, unguwarsu, garin da yake, da lambar wani da ke kusa da shi. A shekarun baya mun sha wahalar neman dangin wani marar lafiya da aka sani da laƙabi kawai.

Na biyu, a nemi dattawa daga cikin mutanenmu da suka daɗe a Agadas da Arlit, a roƙe su su zama masu masaukin baƙi, ƙungiya ta riƙa tuntuɓarsu a kai a kai.

Na uku, a ware wani kaso na asusun jin ƙai don dawo da marasa lafiya da waɗanda aka koro, a kuma sa wa kuɗin ƙa'idar fita a rubuce.

Na huɗu, duk ɗan ƙungiya da aka roƙa kuɗin mota, kafin ya ba da, ya zaunar da yaron ya karanta masa wannan takarda, ya tabbatar iyayensa sun sani. In kuwa yana da halin sama masa gurbin koyon sana'a a inda yake zaune, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wannan ya fi kuɗin motar alheri.

Kammalawa

Kakanninmu sun bi wannan hanya sun dawo da gishiri da ilimi, domin sun girmama ƙasar, sun yi mata shiri, sun bi wanda ya san ta. Abin da muke roƙo ga na baya ke nan. Muna fatan wakilan iyayenmu sarakuna za su isar da wannan saƙo ga masu unguwanni, malamai kuma su taɓo shi a huɗuba da wuraren karatu, domin waɗanda suka fi buƙatarsa ba su ne ke zaune a wannan zaure ba.

Allah ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya mai da manoma gonakinsu, ya tsare matafiyanmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a gida da daji. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.